Baƙi da Baƙi

Ranar Talata

Maigidana,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga wadda ta gaji da kewarka. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na madatsar ruwa, da injinan nan naka da suka fi ni samun kulawa. Yaya ciwon bayan? Kada ka ce mini ya warke, na san halinka. Mu nan lafiya lau. Auta tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ta ci jarrabawar lissafi, ni kuma ina ƙara maka da cewa da ƙyar ta tsallake. Tun da har yanzu waya ba ta kamawa a wurinku, sai ka yi haƙuri da doguwar takarda. Direban motar kayanku ya ce Alhamis zai tashi.

Akwai labari, kuma har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba. Ka san 'yan Fitila, ƙungiyar nan da ke neman kujerun majalisar gari, masu cewa gida na 'yan gida ne. Ranar Asabar sun yi taro a filin da ke gaban gidanmu. Ni ina wurin aiki. Da rana sai ga ɗan rahotonmu, Dogo, ya shigo yana haki da rikoda a aljihu. Tun bara suka hana gidan rediyonmu shiga tarukansu, don haka ya saje da jama'a ya laɓe a bayan lasifika. Ya ce bai ga komai ba sai ƙeyar mutane, amma murya ta kamu. Awa biyu cur Jagoransu ya yi yana magana. Aka raba mana aikin, ni na saurari awar farko na buga ta a takarda, abokiyar aikina ta buga ta biyu. Muka tura wa masu fassara a bene na sama kamar kullum, na ɗauki jakata na dawo gida.

Lahadi da safe ina haɗa shayi na ji a labarunmu cewa Jagoran 'yan Fitila ya ce ba sa son baƙar fata a layinsu da kasuwarsu. Cokali ya suɓuce mini. Kowa ya san abin da ke cikin mutanen nan, amma ban taɓa zaton zai hau dandamali da rana tsaka ya faɗa da bakinsa ba. A tawa awar dai ban ji haka ba, ina jin sai da bakinsa ya yi zafi a awa ta biyu ya saki abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Na gode Allah da ba kunnena ya faɗa wa ba, da na jefar da abin sauraren.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Jaridu sun buga, sauran gidajen rediyo sun maimaita, duk suna cewa daga gare mu suka samo. Su kuwa 'yan Fitila sun ce ƙarya ce tsagwaronta. Tun jiya suka cika ƙofar gidan rediyo da alluna, wani an rubuta Rediyon Son Kai, wani an rubuta Ku Fito da Muryar. Suna cewa duk wanda ya zarge su da wariyar launin fata sai mu sa shi a kanun labarai, amma in na ɓangaren masu mulki ne ya yi katoɓara sai mu yi kunnen uwar shegu. Na san kana murmushi yanzu, don kai ma ka sha tsokanata cewa gidan rediyonmu kunne ɗaya gare shi. To ka riƙe murmushinka, wannan karon mu ke da gaskiya. Ta ƙofar baya muke shiga yanzu, ta wajen da ake ajiye janareto, ka ga ni ma na fara warin man injin irin naka.

Ga abin da ya sa na kasa jira sai ka dawo. Ka tuna takardar da mai gidan hayarmu ya ba Maman Tagwaye kafin ka tafi, cewa ta tashi daga ɗakinta na kusa da namu da shagon ɗinkinta na ƙasa? Ashe iyali shida ya ba irinta a gidajensa na layin nan, kuma duk shidan baƙar fata ne. Shi ya ce gyara zai yi, amma tutar Fitila tana kan rufinsa kowa na gani, kuma mu da fatarmu ta ɗan yi haske ɗakinmu bai buƙaci gyara ba. Matar da aka haifa a asibitin da aka haife ni, maƙwabciyarmu ta shekara goma sha shida, ita ce yau ake ce wa ba 'yar gida ba. To jiya ofishin kula da gidaje ya dakatar da takardun duka shida. Sun ce doka ta hana a kori mutum saboda launinsa, kuma tun da shugaban ƙungiyar mai gidan ya furta abin da ya furta, ba wanda zai tashi.

Da ka ga Maman Tagwaye jiya. Ta hawo bene da abin awo a wuya, ta rungume ni har na ji ƙashina, tana cewa gidan rediyonmu ya rufa mata asiri. Ta kwance ƙullin kayan da ta fara ɗaurewa, ta mayar da labule. Ta ce sai ta ɗinka wa Auta riga, na ce ni da na yi aikin fa, ta ce ni na wuce gyara. Na yi dariya, ita ta yi kuka, muka sha shayi.

Ka kula da kanka, ka daina ɗaga abin da ya fi ƙarfinka don a ce kai jarumi ne. Ka gaishe da mai dafa muku abinci.

Taka har kullum,
Mai Kunne

Ranar Asabar

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma jiki lafiya. Ka yafe mini gajeruwar gaisuwa.

Abin da na rubuta maka ranar Talata, ka ɗauka ban rubuta ba. Kwamitin da ke sa ido kan kafafen yaɗa labarai ya karɓi ƙorafin 'yan Fitila, ya ce a kai masa murya da rubutu. Shekaranjiya aka ce mu fito da takardun da muka buga. Abokiyar aikina ta duba nata, ta ce ita fa babu maganar baƙar fata a awarta, ta zaci a tawa take. Na ce a'a, a taki dai. Muka kalli juna. A nan na sha jinin jikina.

Na buɗe nawa na bi layi-layi da yatsa. A shafi na huɗu na same shi, da hannuna na buga: Ba ma son baƙi a layinmu, ba ma son baƙi a kasuwarmu.

Maigida, baƙi ne jam'in baƙo. Na maƙala abin saurare a kunne na mayar da muryar baya sau goma sha ɗaya. Kai ma da ka ji sau ɗaya za ka gane, yaron goye ma zai gane. Baƙi na zuwa murya tana farawa ƙasa ta hau, baƙi na launi a sama take tafiya. A baki ba su taɓa haɗuwa ba, amma a takarda harafi huɗu ne iri ɗaya, ba abin da ya raba su. Mai fassarar da ke aiki ranar Asabar mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa ta aji ce, a littafi ya koye ta, kuma su a bene na sama ba sa jin murya, takarda kawai muke tura musu. Ya ga baƙi, ya mayar da shi launi a harshen gwamnati. Ranar Lahadi kuma sashen Hausa ba mutane da yawa, sai suka ɗauko labarin daga na harshen gwamnati suka sake juyo shi. Haka kalmar ta fita daga ɗakina, ta zaga bene ɗaya, ta dawo mini ta rediyon kicin a matsayin baƙar fata, ni kuma ina ta salati ina tsine wa mutumin. Da na ƙara kalma ɗaya a gefe, in ce na zuwa, da duk wannan bai faru ba. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, ban taɓa tunanin hakan ba, don ni da kunnena nake karanta rubutuna.

Na kwashi takardar na nufi ofishin Edita. Na zaci zai zabura. Sai ya tashi ya rufe ƙofa, ya kashe fanka don mu ji juna, ya ce shi tun ranar Litinin ya sani. Ya tambaye ni su waye Jagora yake kira baƙi. Ya ce mai kantin maganin nan da ya zo garin shekara biyu kacal, fari tas, an taɓa ce masa baƙo? Ba a taɓa ba. Ya ce kalmar ta kuskure amma labarin bai kuskure ba, kuma in muka gyara, duk rahoton gaskiya da muka taɓa yi a kansu ya zama ƙarya. Ya ambaci iyali shidan nan, bai ma san ɗaya daga ciki maƙwabciyata ce ba. Sai ya ce kwamitin zai kira ni ranar Laraba tun da ni na saurara na buga.

"Ba ƙarya na ce ki yi ba," in ji shi. "Ki ce muryar ba ta fita sosai."

Muryar tana fita, Maigida. Kamar a ɗakin nan yake magana.

Kuma ga abin da ya ƙara ɗaga mini hankali. Ina tsaye a gabansa na tuna bara, lokacin da wani babba a ɓangaren masu mulki ya zagi mutanen unguwar tudu zagin da ba zan iya rubuta maka ba. Ni na buga wannan ma. Edita ya karɓa ya sa a aljihun tebur ya ce a bari a tabbatar, har yau ana tabbatarwa. Wannan kuwa ko awa uku bai yi ba aka watsa shi, ba wanda ya sauko bene ya ce Mai Kunne, wane baƙi ne wannan? Sun ji abin da suke so su ji ne. Ashe masu allunan ƙofa ba duka suka yi ƙarya ba, kuma faɗar hakan ma ɗaci take yi mini.

Maman Tagwaye ba ta san komai ba. Na kasa haɗa ido da ita. Da sassafe nake fita kafin ta buɗe shago, in na dawo in bi ta bayan gida. Jiya ta zo auna Auta, na shige banɗaki na saki ruwa har ta tafi, ina jin ta tana tambaya ko ba ni da lafiya. Ni da nake yi wa mutane gorin tsoro, ga ni nan.

In na faɗi abin da na ji, an tashe ta. In na ce ban ji ba, na zama abin da allunan nan suke faɗa. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba sai an gama, amma ba ni da wanda zan gaya wa. Ka sa ni a addu'a ko da ta makara.

Matarka,
Mai Kunne

Laraba da yamma

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kana lafiya, ya sa bayan ya yi sauƙi. Auta lafiya, ta tafi gidan Yaya kwana biyu, ni na tura ta.

Na faɗa.

Bari in ba ka yadda aka yi, ko na samu ya fita daga kaina. Ɗaki ne mai dogon tebur, mutum biyar a bayansa, kowa da kwalbar ruwa. A cikin biyar ɗin ɗaya ne kawai ke jin Hausa, shi ma ta sayen tumatir ce. 'Yan Fitila sun kawo tasu muryar, ta fi tamu fita. Aka kunna, 'yan kwamiti suka yi tsuru-tsuru, su duk ɗaya suke ji. Tafintan gidan rediyo ya ce launi ne, tafintan ƙungiya ya ce jam'in baƙo ne, suka yi ta ja har shugabar kwamitin ta buga tebur. Sai aka kira ni.

Wallahi da na tashi daga kujera niyyata in bi maganar Edita. A hanya ma na yi ta maimaita ta a raina. Aka miƙo mini abin saurare na sa, aka kunna, muryar ta shigo kunnena ƙasa sannan sama, tas. Lauyan ƙungiya ya tambaye ni shekara nawa ina aikin nan, na faɗa. Ya ce an taɓa dawo mini da takarda don na ji ba daidai ba, na ce ba a taɓa ba. Ya ce to me na ji. Na buɗe baki in ce ba ta fita sosai, harshena ya ƙi. Ban san ko tsoron Allah ne ko girman kai ba, ina jin duka biyun ne. Na ce baƙi ya ce, jam'in baƙo.

Shugabar ta ce in furta musu kalmomin biyu su ji bambancin. Ka gan ni, mace da furfurarta, a tsaye gaban manyan mutane ina cewa baƙi, baƙi, baƙi, baƙi, kamar 'yar aji ɗaya. Har sau uku aka sa na maimaita. Wasu a baya suka kwashe da dariya. Na yi ƙoƙarin ƙarawa cewa waɗanda yake kira baƙin nan a garin aka haife su, kuma duk launinsu ɗaya. Shugabar ta katse ni da ladabi, ta ce an kira ni ne kan abin da kunnena ya ji, ba kan ra'ayina ba. Na zauna.

Ba su ɗau awa guda ba suka yanke. Gidan rediyo zai nemi afuwa kwana uku a jere a farkon labarai, da harshe biyu. An rubuta a rahoto cewa akwai alamar son kai a yadda muke ɗaukar labarin ƙungiyar. Kafin mu koma ofis an dakatar da Dogo, an sallami mai fassara. Edita yana nan a kujerarsa, ya wuce ni a bene bai ko dube ni ba.

Abin da ya fi girgiza ni a waje ya faru. Ina fitowa 'yan Fitila suka yo kaina suna tafi, suna kirana mai gaskiya. Wata mata ta kama hannuna ta sumbata. Jagoran da kansa ya tsaya a gabana ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, masu ɗaukar hotonsu suna ta ƙyasta mu tare. Ya ce da irina ake gyara ƙasa. Mutanen da na tsana sun ɗauke ni a ka, waɗanda na yi shekara ashirin da biyu ina shan shayi da su sun daina amsa gaisuwata. A motar haya na ji wani yana ba wani labarina, ya ce ai an saye ni ne, ɗayan ya ce a'a, jaruma ce. Ina zaune a tsakaninsu na rufe fuska da mayafi.

Da na iso gida shagon Maman Tagwaye a buɗe yake, keken ɗinki yana ta ƙara. Na bi ta baya. Ina gaya wa kaina wataƙila ofishin gidaje ba zai janye ba, tun da an riga an ga yadda takardun suka faɗa kan mutane iri ɗaya. Ka ce mini haka ne.

Ka huta lafiya, Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Mai Kunne

Ranar Litinin

Maigidana,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ba ta da sauran ƙarfi. Ina fata kana lafiya. Na ji daɗi da ka ce an rage maka hawa tsani. Auta ta dawo, lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta magana da yawa.

Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a, kwana tara bayan zaman kwamiti. Na karanta inda ka ce kafin in buɗe baki a gaban kowa in fara zama da Maman Tagwaye, tun da maganar tata ce kafin ta zama tawa. Kai da ba ka cika dogon zance ba, layi biyu ka yi, sun fi shafi huɗun da na aiko maka.

Ofishin gidaje ya janye. Sun ce dakatarwar a kan rahotonmu ta tsaya, rahoton kuwa mu da kanmu mun ce kuskure ne. Mai gida ya dawo da maganar gyara, aka ba iyali shida mako guda. Yanzu a gari duk wanda ya ce an wulaƙanta shi saboda fatarsa, sai a yi dariya a ce masa wane baƙin, na sama ko na ƙasa? Har yara sun mayar da abin waƙa. Ranar Alhamis an fasa gilashin wani mai aski a bayan kasuwa an rubuta masa zagi a bango, ba gidan rediyon da ya ɗauka, namu ma ya yi shiru. Kowa yana tsoron a ce masa mai son kai.

Ranar Asabar da safe motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Na sake karanta takardarka, na sauka. An riga an fitar da keken ɗinki biyu, na ukun yana tsakiyar shago an ɗaure kansa da tsumma. Tagwayen suna loda katifa, suka gaishe ni kamar kullum, hakan ya fi mini zagi ciwo. Ita tana durƙushe tana ninke yadudduka a kwali. Na durƙusa kusa da ita na fara bayani, ina kuka ina haɗa kalmomi, har da maganar murya ƙasa da murya sama. Ta bar ni na gama. Ta ce ta ji komai a rediyo, kuma ba ta riƙe ni a zuci ba, ta san ni ba na iya ƙarya ko a kan kuɗin cefane. Sai ta ajiye yadin da ke hannunta.

"Kunnenki bai yi ƙarya ba," ta ce. "Baƙi ya ce, na zuwa. Ina tsaye a nan ƙofar shago ina kallonsa. Amma da zai faɗa sai ya naɗe hannun rigarsa, ya shafa fatar hannunsa da yatsa biyu, ya nuno shagona. Sau biyu ya yi. Shi ya sa suka yi dariya."

Maigida, gaskiya ta faɗa. Akwai dariya a wurin. Na ji ta sau goma sha ɗaya, har na buga kalmar dariya a ƙarshen layin kamar yadda muke yi, ban taɓa tambayar kaina me ya ba dubban mutane dariya a maganar da ba abin dariya a cikinta ba. Sai a lokacin na tuna 'yan Fitila da masu ɗaukar hoto uku suke yawo ko'ina, amma murya kawai suka kai wa kwamiti. Mutumin ya san aikinsa. Ya ba kunne kalma ɗaya, ya ba ido ɗaya, ya san mu kunne kawai muke da shi a wurin. Mai fassarar da aka kora, da Hausarsa ta littafi, shi ne kaɗai ya faɗi abin da aka yi, bisa kuskure. Ni da gwanintata na je na wanke Jagora tas.

Na kama hannunta na ce me ya sa ba ta faɗa ba.

"Wa ya tambaye ni? Da na ji kun ce baƙar fata na zaci kun gani ne. Da na ji an fara musu na hawo in gaya miki. Sau huɗu ina ƙwanƙwasa ƙofarki."

Duk sau huɗun ina ciki.

Ta ɗauko wata leda daga kan tebur ta ba ni, rigar Auta ce, ta gama ta har da maɓalli. Ta ce in gaya mata ta daina cin farce. Suka hau mota, za su sauka wurin ƙaninta a ƙarshen gari, ɗaki ɗaya su huɗu, kekuna kuma a rumfa. Na tsaya a bakin titi ban ko iya ɗaga hannu ba.

Yau da safe na je ofishin kwamitin. Sakataren ya ce an rufe maganar, kuma shaidar wadda abin ya shafa ba za ta sake buɗe ta ba sai da hoto. Na je wurin Edita na gaya masa. Ya ce ko da hoton a hannunmu, wa zai yarda da mu yanzu? Na fito na zauna a kujerata, aka kawo mini muryar wani taron manoma in buga, na sa abin saurare na kasa taɓa ko harafi ɗaya.

Ina ta juya abin. In aka sake tambayata me na ji, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, ba ni da wani. Ba a gaban kwamiti na yi laifin ba. Amsar tana nan a benenmu tun ranar farko, a bakin matar da nake ɓuya wa a banɗaki. Ɗazu da na dawo na tsaya na auna tsakanin ƙofarmu da tata. Taku uku ne.

In za su ba ka hutu ko na kwana biyu ne, ka zo. Mai gida ya fara fenti a ɗakinta, warin yana shigo mana.

Matarka,
Mai Kunne